Leza ko wuƙa? Amsa ga Hajiyar Marwa kan jijiyoyin ƙafa masu kumbura

Hajiya sannu da haƙuri, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta saƙonki har sau biyu. Kince shekararki 46, haihuwa 7, kina saida atamfa a kasuwar Marwa kusan shekara 20 kuma yawancin yinin a tsaye kike, jijiyoyin ƙafar hagu sun fito sun murɗe kamar igiya tun cikinki na huɗu, yanzu kuma wajen idon sawu ya fara baƙi yana ƙaiƙayi, in yamma tayi ƙafar kamar an ɗaura mata dutse. Likita yace sai aiki, 'yarki tace kar ki yarda a sa miki wuƙa tunda akwai leza. Kina so ki san wanne yafi, kuma wai da gaske ne in an cire jijiya ƙafa bushewa take yi?

Bari in fara da na ƙarshen don nasan shine yake hanaki barci. Ƙafa bata bushewa. Matsalar daga bakinmu ne, mu Hausawa komai jijiya muke ce masa, wadda ke ɗaukar jini jijiya, wadda ke sa kiji zafi ko taɓi jijiya, ta agara ma jijiya, shi yasa da likita yace zai cire jijiya sai mutum ya hango kansa da sanda. Wannan da ake magana hanyar jini ce kawai, kuma ba ita ce babbar ba. A ƙafa akwai jijiyoyin ciki can cikin nama kusa da ƙashi, su ke maida kusan kashi 90 cikin 100 na jini zuwa zuciya, sai kuma na sama da ke ƙarƙashin fata masu ɗaukar ɗan abinda ya rage. Waɗanda kike gani sun kumbura na saman ne, abinda ake rubuta miki varis a takardar asibiti.

Kin san famfon foraj in robar cikinsa ta cinye? Kina bugawa ruwa na hawa, kina saki yana komawa ƙasa. To haka abin yake. Cikin jijiyar akwai wasu 'yan marufai sirara da ke buɗewa jini ya hau sama su rufe kar ya dawo, ciki bayan ciki da tsayuwa da gado (in kin duba zaki samu ko Inna ko wata gwaggo tana da shi) su ke sa jijiyar ta buɗe har marufan su daina haɗuwa, sai jinin da ya kamata ya wuce ya riƙa zubowa ƙasa yana taruwa a sha-raɓa da idon sawu. Kenan jijiyar nan da kike tsoron a taɓa ta daɗe da daina yi miki aiki, ɓarna ma take yi, jijiyoyin ciki su hau da jini ita ta dawo da shi. In an rufeta ƙafa hutawa take.

Yawanci mai laifin wata doguwa ce da ake kira safen, ta taso daga idon sawu ta gefen ciki ta bi ƙauri da cinya har gindin cinya inda take shiga babbar jijiyar ciki. Akwai ƙanwarta a bayan sha-raɓa mai ƙarewa bayan gwiwa. Ƙulle-ƙullen da ido ke gani rassa ne kawai, uwar tana kwance ba a ganinta.

Shi yasa kafin ayi maganar leza ko wuƙa, tambayata gareki itace: an yi miki eko, wato hoton da ake ɗora na'ura a fata a ga cikin jiki a allo? Ba irin na ciki ba, eko-dopla na jijiyoyin ƙafa, kuma a tsaye ake yinsa ba a kwance ba, don in kin kwanta jijiyar lafewa take a ga kamar lafiya lau. Mai yin zai matsa miki sha-raɓa ya saki yana kallon allo, in jini ya dawo baya fiye da rabin daƙiƙa to murfin ya mutu. Da shi ake sanin wace jijiya ce ke yoyo, daga ina zuwa ina, faɗinta nawa, a miƙe take ko a murɗe, kuma mafi muhimmanci ko jijiyoyin cikin a buɗe suke. Don akwai matan da bayan haihuwa jini ya taɓa daskare musu a jijiyar ciki, ƙafa ta kumbura akace iska ce ko sanyin jego, ta warke a haka amma hanyar ta toshe, to irin wannan jijiyoyin saman nan su suka zama mata hanya, in aka cire su an cuceta. Duk wanda ya kalli ƙafarki da ido kawai ya baki ranar aiki, ki ɗauki gyalenki ki fita, ko leza yace ko me.

To yanzu ita lezar. Mutane da yawa suna zaton haske ake haskawa daga waje jijiya ta ɓace, akwai irin wannan ɗin amma na 'yan siraran jijiyoyi ne masu kamar saƙar gizo, na kwalliya, baya taɓa irin naki, kuma a baƙar fata irin tamu sai da hankali don yana iya ƙona fata ya bar tabo fari ko baƙi. Wadda 'yarki ke nufi ta cikin jijiya ake yinta. An fara ta wajen shekarar 2000, ba sabon abu bane. Za a kwantar dake idonki biyu, a huda jijiyar da allura wajen gwiwa, a zura wata siririyar waya kamar zaren kamun kifi ana kallonta a eko har ta kai kusan santimita 2 kafin mahaɗar gindin cinya. Daga nan sai a bi tsawon jijiyar ana ɗura ruwan kashe zafi kewaye da ita, kuma gaskiya wannan ne wurin da mutane suka fi cije baki don allurai ne da ɗan yawa, amma ruwan nan shine rabin aikin, yana kashe zafi, yana matse jijiyar ta kama wayar, yana kuma kare fata da nama daga ƙuna. Sai a baki tabarau ki saka, a kunna, likita ya riƙa jan wayar a hankali a hankali tana ƙona bangon jijiyar daga ciki tana rufewa. Wasu sukan ce suna jin ɗanɗanon ƙauri a baki, ba komai bane. Ƙafa ɗaya bata cika wuce awa guda ba. Ba ɗinki, filasta ce kawai da safa, ki tashi da ƙafarki kiyi tafiyar minti 20 ko 30 kafin ki tafi gida. Jijiyar tana nan a ciki amma ta mutu, jiki zai shanyeta cikin watanni.

Akwai 'yar'uwarta da ake cema radiyo-frekans, komai iri ɗaya ne sai dai maimakon haske wayar ce ke zafi har digiri 120, tana rufe jijiyar gaɓa-gaɓa. In ita aka ce miki akwai kar kice dole sai leza, sakamakonsu kusan ɗaya ne, dukkansu sama da 90 cikin 100 jijiyar na rufuwa.

Tiyatar kuwa tafi shekara 100 ana yinta, wani likitan Amurka Babcock ya fito da wayar da ake zare jijiyar da ita tun 1907 kuma har yau salon bai canza sosai ba. Allurar baya ake yi, irin ta matan da ake ciro wa jariri, ko a sa mutum barci. A yi yanka kamar tsawon ɗan yatsa a lanƙwasar gindin cinya, a ɗaure jijiyar a mahaɗarta a yanke, a zura waya ta fito ƙasan gwiwa kaɗan, a zaro jijiyar gaba ɗaya. Nasan jin haka kawai tsigar jikinki ta tashi, amma a hannun wanda ya saba aiki ne mai sauƙi, kwana ɗaya a asibiti ko ma a koma gida ranar. Inda ta sha bamban da leza shine bayan aikin. Cinya zata yi tsami ta tara jini tayi baƙi-baƙi, ga ɗinki a wurin da gumi ke taruwa, in mutum nada jiki ko ciwon suga ciwon kan iya ruwa, kuma ki lissafa sati 2 zuwa 3 kafin ki iya zaman shago yadda kika saba. Mai leza sau da yawa kwana 2 ko 3 ya koma harkarsa, sai dai ɗan ja da zaiji a cinya kamar an ɗaure igiya a ƙarshen satin farko.

Wannan bambancin ne yasa a Ingila tun 2013 hukumar da ke tsara musu ka'idar magani, NICE, tace a fara da leza ko radiyo-frekans, in bai yiwu ba ayi allurar kumfa (zan yi miki bayaninta a gaba), in itama bata yiwu ba sannan tiyata. Kenan 'yarki bata yi ƙarya ba. Amma ga abinda ba a faɗa a bidiyoyin da take kallo: da aka bi mutane shekara 5 bayan aiki, a wani babban bincike da akayi a can Birtaniya aka fitar a 2019, masu leza da masu tiyata kusan kunnen doki suka yi wajen jin daɗin ƙafarsu, kumfa ce ta ɗan zo baya. Wato ribar leza tana cikin satuttukan farko ne. Bayan shekaru ba zaki bambance ƙafar da aka ƙona da wadda aka zare ba, in duka an yi su da kyau.

Kuma ba kowace jijiya ke karɓar leza ba. In ta murɗe sosai waya bata wucewa. In tana manne da fata, kamar yadda nake gani ga sirarun mutane, ana iya ƙona fatar ko a bar baƙin layi. In ta buɗe tayi ƙato sosai a wajen mahaɗa wani likitan zai ga ɗaurewa yafi masa kwanciyar hankali. Sannan ko leza ko zarewa uwar kawai suke kashewa, rassan nan da suka yi curi-curi a sha-raɓa sau da yawa sai an bi su daban, ana yin 'yan huji kamar ƙwayar shinkafa a sa wani ɗan ƙugiya a ciro su, ba ɗinki, wani likitan fata ɗan Suwizalan mai suna Muller ne ya yaɗa salon. Don haka in kika ji ance leza ce amma za a ɗan tsattsaga kar kice an yaudareki.

Ita kumfar da na ambata, magani ne ake kaɗa shi da iska a sirinji biyu har yayi kumfa kamar ta sabulu a ɗura a jijiya ya ƙona bangonta. Tafi araha, ba sai ɗakin tiyata ba, kuma tana da kyau wajen rassa da waɗanda suka dawo bayan aiki. Aibinta biyu, jijiyar tafi saurin sake buɗewa har sai an maimaita, kuma tana barin baƙin tabo a bin jijiyar wanda a fatarmu yakan daɗe, wata da watanni. Akwai kuma ta gam da ake liƙe jijiyar, VenaSeal, wannan tsadarta ma ta isa, ban ga dalilin da zaki bi ta ba.

Yanzu bari in cire rigar likita in yi miki magana kamar ƙaninki. Mu nan arewa lissafinmu daban ne da na Ingila. Likitocin jijiyoyin jini sun fi yawa a Yawunde da Duwala, wasu mutanenmu har Tunisiya ko Masar ko Indiya suke zuwa, na Kusiri da Injamena ma haka. Daga Marwa sai kin yi mota zuwa Garwa zuwa Ngawundere, sannan jirgin ƙasa dare guda cur, ga masauki ga ɗan rakiya. Ita wayar leza sau ɗaya ake amfani da ita a yar, daga waje ake kawota, shi yasa kuɗin ke hawa. Sannan bayan aikin ana son a sake eko cikin satin farko ko na biyu a tabbatar jijiyar ta rufu kuma gudan jini bai leƙa jijiyar ciki ba. Abin ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, a leza da tiyata duka, kuma cikin abinda ke jawo shi akwai a yi miki aiki yau gobe ki naɗe ƙafa a mota awa 10 ba motsi. Na taɓa karɓar wani direban babbar mota da yaje kudu aka yi masa leza lafiya lau, kwana biyu ya kamo hanya don kaya na jiransa, ya iso mana sha-raɓa tayi tauri kamar icce tana sheƙi, wata 3 yayi yana shan maganin tsinka jini. Aikin ba laifi, gaggawar ce.

Don haka ni a ganina, in eko ya nuna jijiyarki a miƙe take, kina da halin zuwa ki zauna aƙalla sati ɗaya zuwa kwana 10 a can, kuma wanda zai yi ɗin aikinsa kenan kullum ba wanda ya sayo inji jiya ba, to kiyi leza, zaki fi jin sauƙi. In kuwa sai kin saida jarin shago ko kin ci bashi, alhali ga likitan tiyata kusa dake wanda ya saba zare jijiya kuma zai ganki bayan sati ɗaya da bayan wata ɗaya, wallahi kiyi tiyatar hankalinki kwance, ba ki yi asarar komai ba sai hutun sati 3. Kuma ki tambaye shi kai tsaye, ba rashin kunya bane: sau nawa yake yin irin aikin nan a wata, shi da kansa zai duba eko ya zana jijiyar a ƙafarki kafin a shiga, kuɗin da aka rubuta a debi, wato takardar lissafin kuɗin aikin, ya haɗa da rassa da safa da eko na baya ko kowanne da nasa. Likitan kirki baya jin haushin waɗannan.

Abinda bana so shine jira. Da jijiyoyin ne kawai suka fito ba ciwo da nace ki sa safa ki ci gaba da kasuwarki, mutane da yawa suna tsufa da su lafiya. Amma baƙin nan na idon sawu da ƙaiƙayi alama ce fata ta fara gajiya, jinin da ke taruwa ne ke tsattsafowa yana rina ta, daga nan sai ta yi tauri, daga nan ɗan ƙarce kaɗan ko sartse ya zama gyambo, kuma gyambon idon sawu kin san halinsa, shekara yake ana wanki ana ɗauri. Ko waɗanda gyambon ya riga ya fito musu, binciken da aka fitar a Ingila a 2018 kan mutum 450 ya nuna in aka rufe jijiyar da wuri yana warkewa a wajen kwana 56, waɗanda aka jinkirta musu kuma kwana 82. Ke da bai fito ba kinga ai gara a tare shi. Ba kowane gyambo ne na varis ba dai, masu sikila da masu suga nasu daban, haka kumburin tundurmi ba wannan bane, shi yasa ake gwaji.

Sannan don Allah Hajiya kar a kai ƙafar nan wurin wanzami. Nasan za a ce miki mataccen jini ne a yi ƙaho ko a tsaga ya fita. Jinin da zai fito baƙi ne kam, amma haka jinin kowa yake a irin wannan jijiyar, kuma jijiyar da ta kumbura in aka tsagata a tsaye feshi take kamar an huda tiyo. Na ga tsohuwar da aka kawo zaninta sharkaf, an ɗaure mata cinya da igiya tamau wai don jini ya tsaya, alhali ɗaurin ne ke ƙara shi. In ta taɓa fashe miki, ko a bayi ko a shago, ki kwanta a ƙasa nan take, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinki a jingina da bango, a danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa ana leƙe, zai tsaya, sannan a tafi asibiti.

Maganin nan Daflon da ake rubuta muku a ordonans, wato takardar magani, yana rage nauyi da kumburi ga wasu, ba laifi, amma baya gyara murfin da ya mutu ko kin shekara kina sha, man shafawa ma haka. Safar matsi tafi su aiki, ta farmasi mai lamba 2 wadda aka auna ƙafarki, ki sata da asuba bayan sallah kafin ƙafa ta kumbura ki cire da dare, amma in kina da suga ko hawan jini na shekaru a fara duba ƙarfin jinin da ke saukowa ƙafar kafin a matseta. A shago ki samu ɗan benci ki riƙa miƙe ƙafa in ba ciniki, in kina tsaye ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa, naman sha-raɓa shine famfon da ke tura jinin. Teloli masu keken ƙafa basu san gatan da suke da shi ba.

Abu biyu da zaki faɗa wa likita ko bai tambaya ba: in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, don wasu irinta na ƙara daskarewar jini kuma ana iya cewa ki dakata kafin aiki, da kuma in akwai yiwuwar ciki. Ba a yin aikin nan da ciki, ana bari sai an haihu da kamar wata 3 don wasu jijiyoyin da kansu suke lafawa. Kuma ki sani ko wanne aka yi, bayan shekaru wasu sabbi na iya fitowa, jikin da ya yi na farko shine dai jikin, sai dai yawanci ƙanana ne da allurar kumfa ke gamawa dasu. Wani kuma yakan ji ɗan wuri a gefen ƙauri ya mutu kamar ba nasa ba, wannan jijiyar ji ce da ke kwance kusa ta ɗan taɓu, galibi yana dawowa a hankali, shine ma dalilin da yasa ba a cika bin jijiyar har idon sawu ba.

In Allah yasa kin yanke shawara, ki nemi randebu a watan Disamba ko Janairu lokacin sanyi, in dai lokacin bai yi nisa ba. Bayan aiki sai kin sa safar nan sati 1 zuwa 2 ko fiye, kuma ni da ke mun san abinda ake nufi da safa har cinya a Marwa cikin watan Afrilu ana digiri 40 da wani abu, kwana biyu zaki cireta ki jefa ƙarƙashin gado. Eko ɗin dai kar ki jira sanyi, kiyi shi cikin satin nan, in kin karɓo takardar ki turo min hotonta in duba faɗin jijiyar da inda yoyon ya fara. A gaida 'yar taki, kice mata likita yace rabin gaskiya na wurinta.